Tambaya da Amsa: Albasata ta ƙi yin kai, in tattake ganyen?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na karɓi hayar ɗan lambu a bakin fadama, fangali 12. Ban yi renon iri ba, ƙananan albasa na saya na dasa, na kuma zaɓi masu ɗan girma don in samu kai babba. Yau wata biyu ke nan, ganye ya yi kore shar, amma wasu sun fitar da sandar fure, wasu sun rabu biyu, sauran kuma kansu bai kai ƙwan kaza ba. Maƙwabcina ya ce in watsa yuriya da yawa, sannan in bi in tattake ganyen, wai ƙarfin zai koma ƙasa. Kuɗin bashi na zuba, hankalina a tashe yake. Daga wani mai karatu a Jega.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, lambunka bai lalace ba tukuna. Amma don Allah kada ƙafarka ta taɓa ganyen nan, buhun yuriyar kuma ka ɗaure bakinsa.

Furen da rabuwar daga zaɓen iri suka samo asali. Albasa shuka ce mai shekara biyu: a zagayen farko ta tara abinci a kai, a na biyu ta kashe shi wajen yin fure. Wadda ta riga ta yi ƙwari, da sanyin hunturu ya buge ta sai ta ɗauka lokacin haihuwa ya yi. Ai haka masu fitar da iri suke yi da gangan, su binne manyan albasa da shigowar sanyi don su samu fure. Kai ma abin da ka yi ke nan ba da niyya ba. Wadda ake so a dasa don kai ita ce mai faɗin santimita 1.5 zuwa 2, busasshiya, mai tauri, a dasa ta tsininta na ɗan leƙowa waje, a bar tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakani. Waɗanda suka yi fure ka tuge su a kai kasuwa da lawashinsu ko a yi miya, domin sandar ta ratsa tsakiyar kan, ba za su ajiyu ba ko ka tsinke furen.

To, sai maganar maƙwabcinka, wadda kusan kullum sai na ji ta a bakin wani, har ta fara gundurata. Kowane ganye da kake gani a sama, gindinsa ne yake kumbura ya zama ɓawo ɗaya a cikin kan albasa. Yanka albasa a tsakiya ka ƙirga zobban, ganyayen da ta yi ne kake ƙirgawa. Mai ganye 12 ko 13 lafiyayyu kafin ta fara yin kai ita ce ke cika hannu, mai ganye 6 kuwa ko me ka zuba mata ba za ta kamo ta ba. Kuma ganyen nan shi ne ke haɗa abincin da hasken rana yana turawa ƙasa a kowace rana. Wanda ya tattake shi tamkar wanda ya rushe murhu ne yana jiran tuwo ya ƙaru. Wane ƙarfi ne zai koma ƙasa bayan ka karya hanyar da yake bi?

Na san inda mutane suka samo wannan. Sun ga albasa idan ta nuna wuyanta na laushi, ganyen ya kwanta da kansa, kai kuma ya yi girma, sai suka juya lissafin, suka ɗauka kwanciyar ce ta kawo girman. Alhali sai da ta gama girma sannan ta kwanta. Idan ka karya ɗanyen wuya, ka tsayar da girma nan take, ka kuma buɗe ƙofa ga ƙwayoyin cutar ruɓa. Ranar cira ba za ka ga komai ba. Sai bayan 'yan makonni a cikin rudu, wato wurin ajiye albasa, ka danna wuyan da yatsa ka ji ya lotsa, ruwa mai wari ya biyo. Sannan a ce sammu ne ko baki.

Yuriyar ƙarshen lokaci ma ɓarna ce, har ta fi tsada. Albasar da ta fara yin kai, idan ka ɗura mata yuriya sai ta koma fitar da sabon ganye, wuyanta ya yi kauri ya ƙi bushewa, kan ya cika da ruwa. A buhu za ta yi kyan gani, amma dillalin da ya san aikinsa a kasuwar Aliero da ya matsa wuyan zai karya maka farashi, don ya san ba za ta kai damina ba. Lokacin yuriya shi ne makonnin farko, kashi biyu, wajen mako na 3 da na 6 bayan dashe, a kan takin kamfa da ruɓaɓɓen takin gargajiya da aka sa tun wajen gyaran fangali. Kai ka wuce wannan gaɓar. Su kuma masu yawo da kwalabe a ranar kasuwa suna cewa ga maganin kumbura albasa cikin kwana bakwai, ba takarda, ba lambar NAFDAC, ba sunan abin da ke ciki, su ji tsoron Allah. Manomi ya ci bashi ya yi dashe, kai kuma ka sayar masa da ruwan kala, wannan ba kasuwanci ba ne, zalunci ne. Mu ma manoma da laifinmu: malamin gona ya faɗa mana kyauta mu yi biris, mai lasifika ya faɗa mu zaro kuɗi.

Abin da ya rage maka yanzu kula ne. Saiwar albasa gajeriya ce, yawancinta ba ta wuce santimita 30 a ƙasa, saboda haka ban ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai ya fi a bar ta ta bushe sannan a malale ta, wanda shi ma yana sa kai ya rabu. Cire ciyawa da hannu, kada fartanya ta yanki saiwa. Kada ka tura ƙasa ka rufe kan, bar shi ya fito fili ya buɗe. Ka riƙa buɗa tsakanin ganyaye da safe kana dubawa: idan ka ga wasu mitsi-mitsin ƙwari suna gudu, ganyen kuma ya yi dabbare-dabbaren fari, su ne masu tsotse shi, ka nemi malamin gona ya nuna maka maganin da ya dace da adadinsa.

Idan kusan rabin ganyen ya kwanta da kansa, ka yanke ruwa na mako ɗaya zuwa biyu, ka cire, ka shanya a inuwa mai iska har wuyan ya bushe ƙayau, sannan ka yanke ganyen ka bar kamar santimita 3.

Baɗi kuma ka dasa da wuri, tun farkon sanyi, domin zafin Maris da Afrilu yana tilasta wa albasa yin kai ko ganyenta bai cika ba. Ka nemi irin da ya saba da ƙasarmu, kamar ɗan Galmi na jihar Tawa a Nijar. Irin da ake nomawa a arewacin Turai yana buƙatar hasken rana na awa 14 zuwa 16 kafin ya yi kai, mu kuwa a nan yininmu mafi tsawo bai cika awa 13 ba, don haka ganye kawai zai yi ta yi maka.