Muryar da yayarmu ta turo zauren 'yan Tudun Wada kan zaɓin miji

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na saurari muryar ƙanenmu, wanda ya ce wai yarinya ta fito ta faɗi irin mijin da take so rashin kunya ne, waya da boko suka kawo, matan da can ba sa zaɓen miji. Duk don ƙanwarmu ta ce ita mai natsuwa take so, wanda zai bar ta ta ƙarasa karatunta a KASU, Jami'ar Jihar Kaduna.

Ƙanena, don Allah ka je ka tambayi kakarka mene ne dandali. Da dare 'yan mata na gaɗa, samari na tsaye gefe, wanda ya ga wadda ta kwanta masa sai ya aika yaro ya kira ta. In ba ta so, ba ta zuwa. In ya biyo ta gida zance, sai a ce masa ta yi barci, shi ke nan ya gane. Bazawara kuwa, tun fil azal ita ke zaɓa wa kanta.

Auren dole an yi shi, ba na musu. Hajiya Gambo Sawaba ta nan Zariya, haifaffiyar 1933, tana 'yar shekara 13 aka aurar da ita. Da ta shiga jam'iyyar siyasa ta NEPU ta yi ta yaƙi da irin wannan aure, ta sha ɗauri a kai-a kai. To wannan al'ada ce, kada a jingina wa addini. Khansa'u 'yar Khizam mahaifinta ya aurar da ita ba ta so, ta kai ƙara wurin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya warware auren. Yana nan cikin Bukhari. Nana Khadija ma ai ita ta ga amanarsa ta aika masa.

Batun karatu kuma, wallahi shi ya fi taɓa ni. Shehu Ɗanfodiyo ya yi kakkausar suka ga malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u da aurenta take koyarwa, tana tura jajojinta, wato matan da ta horar, ƙauyuka su karantar da mata.

Ke kuma ƙanwata, ki faɗa wa Baba sharaɗin nan tun kafin a karɓi kuɗin gaisuwa, a yi shi gaban magabatan ɓangarorin biyu. Kada ki tsaya kan alkawarin da aka yi miki a zaure wajen zance.