Yaya kiɗa ya zama makamin 'yan Lituweniya a zamanin mamaya?

Tambaya: Na ji ana cewa masu tsara kiɗa na ƙasar Lituweniya sun yi gwagwarmaya da Rasha ta hanyar kiɗansu. To kiɗan da sau da yawa ko kalma ɗaya babu a cikinsa, ta yaya zai yi wa gwamnati tawaye?

Amsa: Sai an raba zamanin gida biyu, domin dabarar ba iri ɗaya ba ce.

Daga 1795 Lituweniya tana hannun sarakunan Rasha, kuma daga 1864 zuwa 1904 an hana buga littafi cikin harshen ƙasar da haruffan Latin. A wannan lokaci rera waƙa da harshen uwa a bainar jama'a kawai ma jayayya ce. Vincas Kudirka ya rubuta baitoci da karin waƙar da ta zama taken ƙasa, aka buga ta a 1898 a jaridar Varpas, wadda ake bugawa a wajen iyaka a shigo da ita a ɓoye. Juozas Naujalis, makaɗin ogan (babban kayan kiɗan coci) a babbar cocin birnin Kaunas, ya sa wa waƙar marubucin waƙoƙi Maironis mai suna Lietuva brangi kari. Shi kuwa Čiurlionis, wanda ya rasu a 1911 yana da shekara 35, ya nuna cewa ɗan ƙasar zai iya tsara wa babbar ƙungiyar makaɗa kiɗa irin na manyan biranen Turai, da ayyukansa biyu, Miške da Jūra, wato daji da teku.

Zamanin Sobiyet, daga 1940, sai Jamus ta katse shi daga 1941 zuwa 1944, sannan ya ci gaba har 1990, ya fi wuyar sha'ani. Gwamnatin ba ta hana waƙar gargajiya ba. Ita ce ma ke ɗaukar nauyinta, bisa sharaɗin cewa riga ta ƙasa ce amma saƙon na gurguzu. Bikin waƙa na ƙasa da aka fara a Kaunas a 1924 ya ci gaba, dubban mawaƙa cikin tufafin gargajiya, sai dai dole a cusa waƙoƙin yabon jam'iyya. A nan ne mutane da yawa ke kuskure: suna ɗauka duk inda aka ji karin ƙauye an yi tawaye. Ba haka ba ne. Ɗauko karin waƙar manoma a yi masa ado mai daɗin kunne shi ne ainihin abin da hukuma ke so, musamman bayan dokar Sobiyet ta 1948 da ta la'anci salon zamani a kiɗa. A 1950 aka sauke taken Kudirka, jama'a suka riƙa rera Lietuva brangi a madadinsa.

Tawayen gaske ya ɓuya ne a cikin ginin kiɗan. A arewa maso gabashin ƙasar akwai tsohuwar waƙar mata da ake kira sutartinė. Idan mata uku ne, karin yana da rabi biyu: ta farko ta fara, tana shiga rabi na biyu sai ta biyu ta ɗauko daga farko, daga nan ta uku ta karɓa, a yi ta zagayawa. Kullum murya biyu ce ke tashi tare, kuma a kusa da juna ƙwarai, har suna gogayya kamar ƙararrawa biyu da aka buga lokaci guda. Babu jagora, babu 'yan amshi, babu wurin da waƙar ke hawa ta kai ƙololuwa ta sauko da nasara. Kiɗan da Sobiyet ke so kuwa dole ya tashi daga wahala ya ƙare da murna. Mai tsara kiɗan da ya gina aikinsa a kan wannan zagaye ya ƙi umarnin ke nan ba tare da ya furta komai ba.

Wanda ya fi kowa iya wannan shi ne Bronius Kutavičius. A aikinsa na 1978, Paskutinės pagonių apeigos, wato ibadun ƙarshe na masu addinin gargajiya, bisa baitocin Sigitas Geda, 'yan mata mawaƙa suna tafiya suna kewaye masu sauraro, ana busa ƙahonni, ana maimaita gajerun jimloli game da fara da maciji da itacen oak. Can wajen ƙarshe sai ogan ya shigo da waƙar coci, a hankali, yana ƙara ƙarfi har ya danne muryoyin yaran gaba ɗaya. A takarda, labarin shigar Kiristanci ƙasar ne a 1387, kuma gwamnatin da ba ta yarda da addini ba ba ta da abin cewa. Amma wanda ke zaune a ɗakin ya san wane baƙon ƙarfi ne ke shaƙe muryar 'ya'yansa. Habaici ne mai kyau, irin wanda mai shi ya gane amma ba shi da hujjar kai ƙara. A 1983 ya sake yin wani a kan Yotbingiyawa, ƙabilar Baltik da ta ɓace da harshenta, inda makaɗa ke ƙwanƙwasa duwatsu. Ga ƙaramar al'umma da ke tsoron narkewa cikin Rasha, wannan gargaɗi ne kai tsaye.

Dabarar ta yi aiki ne saboda masu tace ayyuka sun ƙware a karanta kalmomi, ba a sauraren tsari ba. Rauninta kuma daga nan yake: wanda ya ji faifan a yau, bai ga kewayawar yaran ba, bai san tarihin ba, zai iya jin kiɗa mai maimaici kawai. Mai son fahimta ya fara sauraron sutartinė ta asali, sannan ya nemi bidiyon aikin Kutavičius maimakon sauti zalla.

Daga baya makaɗan sun fito fili. Julius Juzeliūnas, malamin masu tsara kiɗa, yana cikin waɗanda suka kafa Sąjūdis, ƙungiyar da ta jagoranci neman 'yancin ƙasar, a 1988, shekarar da taken Kudirka ya dawo. Jagoran ƙungiyar, Vytautas Landsbergis, masanin kiɗa ne da ya daɗe yana nazarin Čiurlionis, kuma shi ya shugabanci majalisar da ta ayyana 'yancin kai ranar 11 ga Maris, 1990.