Amsa ga mai son buga jiyokoyin a kan tarihin GPS

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana son a buga maka jiyokoyin a kan tarihin GPS, wato kwabon nan mai lambar bibiya da ke yawo daga maɓoya zuwa maɓoya a wasan geocaching, wasan farautar ɓoyayyun akwatuna da GPS, ka rasa abin da za ka ɗora a fuskokinsa biyu, kuma kana tsoron ka zuba kuɗinka ka sake shi ya ɓace. Wallahi da na karanta sai da gabana ya faɗi, don wannan hanyar na bi ta, kuma har yau ban gama warkewa ba. Na ga wasu sun ce maka ka manna hoton tauraron ɗan'adam kawai ka huta. Ni ban yarda ba, zan zo kan wannan, amma bari in fara da zancen ɓatan.

Nawa kwabon a nan Jamus na buga shi, saboda yayana, Allah ya jiƙansa da rahama. Shi ya fara damƙa mini GPS a hannu, Garmin eTrex ɗin nan rawaya, tun waya ba ta iya wannan aikin ba. Bayan rasuwarsa na yi ta tara kuɗi kaɗan-kaɗan har na buga 'yan ƙalilan, na raba wa dangi, na saki guda ɗaya. Aikin da na rubuta masa a shafinsa shi ne ya kai Oregon, kusa da Beavercreek, wurin da Dave Ulmer ya ajiye baƙin bokitin nan, maɓoya ta farko a wasan, ranar 3 ga Mayu 2000, a ɗauke shi hoto a gefen allon tunawa da ke wurin. Yayana ya sha cewa wata rana sai ya je can. Allah bai nufa ba.

Da farko abin gwanin daɗi. Ya zaga Jamus, ya tsallaka Holan, wata dattijuwa ta ɗauke shi hoto a tafin jikarta ta rubuta addu'a irin tasu ga mamacin. Na tura wa mahaifiyarmu hoton, ta yi kuka ta kuma yi murna. Sai wani bawan Allah ya ɗauke shi a wurin taro, ya rubuta cewa zai yi tafiya Amurka, zai kai shi gaba. Na yi masa godiya har da ba shi labarin yayana. Shiru. Wata ya wuce, wani ya bi bayansa, shiru. Ina ganinsa yana fita farauta duk ƙarshen mako, yana rubuta abin da ya samo, amma kwabona na nan a hannunsa. Na tura saƙo cikin ladabi, na sake turawa da Jamusanci, na sake da Turanci, ko uffan.

Ranar da ba zan manta ba, wani abokina ya turo mini hoto daga shafin gwanjo. Kwabona ne. Sunan yayana ga shi nan a rubuce, an ɗora shi a kan wani farin ƙyalle, an sa masa farashi, an ce irinsa ba a cika samu ba. Lambar bibiyar ma bai rufe ta ba. Ina cikin jirgin ƙasa lokacin, hannuna ya dinga rawa, na sauka a tashar da ba tawa ba na zauna a benci don ba na son mutane su ga fuskata. Da na rubuta masa, a karon nan ya amsa, ya ce ai ƙarfe ne kawai, in ina so in shiga gwanjon. Ƙarfe ne kawai! Mutumin da na ba shi labarin mutuwar ɗan'uwana da hannuna. Ya san abin da yake riƙe da shi, ya sani sarai, ba yaro ba ne, ba kuma sabon shiga ba ne da za a ce bai san dokar wasa ba. Na bar shi da Allah, amma ban iya na gaya wa mahaifiyarmu ba, har yanzu takan tambaye ni ko kwabon ya isa.

Saboda haka, don Allah, kar ka saki na asalin. Ka yi masa wakili: hoton kwabon a kan ƙaramin farantin alminiyam ko roba mai kauri, da lambar bibiya ɗaya, shi ya yi yawo, na gaskiyar ya zauna a gida kana kai shi taro a gani a hannunka. Akwai masu cewa wakili ba shi da armashi. Su faɗi abin da suke so, ba su ne suka zauna a bencin nan ba. In kuma ka dage sai na asalin ya fita, ka huda shi, ka ɗaura masa kati mai bayanin inda za shi, don masu tarawa ba sa son hudajje.

To, zanen. Tauraron ɗan'adam da faifan hasken rana a gefe biyu, kowa ya yi shi, ba wanda zai juya kwabon ya tambaye ka komai. Ni a ganina labarin da ya kamata ya hau fuskar farko shi ne na 1983. Jirgin fasinjan Koriya ta Kudu mai lamba 007 ya tashi daga Anchorage za shi Seoul, ya kauce hanya ya shiga samaniyar Tarayyar Sobiyet, aka harbo shi kusa da tsibirin Sakhalin ranar 1 ga Satumba. Mutum 269, ba wanda ya tsira. Bayan kamar mako biyu gwamnatin shugaban Amurka Reagan ta sanar cewa idan GPS ya kammala, farar hula ma za su amfana da shi. Mu da muke rarrafe a ƙarƙashin gada muna neman ɗan gwangwani, muna cin gajiyar abin da aka buɗe bayan wannan musiba. Layi biyu kawai za ka zana, hanyar da ya kamata jirgin ya bi da wadda ya bi, sai 269 da 1983. Kar ka ƙara komai. Duk wanda ya riƙe shi sai ya tambaya.

Fuska ta biyu kuwa 2 ga Mayu 2000. Ka san kafin ranar da gangan sojan Amurka suke gurɓata siginar da farar hula ke kamawa, na'urarka ta iya kauce wa wuri da kusan mita 100. Shugaba Clinton ya ba da umarni aka kashe wannan gurɓatawar, a dare ɗaya kuskuren ya dawo wajen mita 10. Washegari Ulmer ya fita da bokitinsa. Ka yi babbar da'ira, a tsakiyarta 'yar ƙarama mai launi daban, shi ke nan ka ba da labarin gaba ɗaya. A bakin kwabon ka jera ɗigo 24, adadin taurarin da tsarin ya cika da su aka ayyana shi kammalalle a 1995, suna kewaya duniya a nisan kilomita kusan 20,200. In da wuri ka rarraba su gida shida, don a hanyoyi shida suke zagayawa.

Abin da ke ba ni haushi, duk kwabon tarihi da na gani sunan maza ne. Gladys West fa? Baƙar fata ce daga Virginia, ta yi shekaru tana lissafin ainihin siffar duniya a sansanin sojan ruwa na Dahlgren, kuma da irin lissafinta ake gane inda mutum yake tsaye, amma sai da ta tsufa aka fara ambatonta. Da ina da kuɗin sake bugawa, ita zan sa. Yayana malamin lissafi ne, da ya ji daɗin wannan ƙwarai. In za ka yi jeri ne ba guda ɗaya ba, ka fara daga Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko, a 1957, lokacin da masana biyu a jami'ar Johns Hopkins, Guier da Weiffenbach, suka gane inda yake daga yadda sautin siginarsa ke canzawa, daga nan aka samu Transit, tsarin gano wuri da taurarin ɗan'adam da ya riga GPS, wanda aka buɗe wa jiragen ruwan 'yan kasuwa a 1967. Mutane da yawa sun ɗauka da GPS aka fara. Kuma ka tuna wayarka yanzu ba na Amurka kaɗai take saurare ba, akwai GLONASS na Rasha, da BeiDou na Sin, da Galileo na Turai wanda tun asali a hannun farar hula yake.

Wajen maƙeran kuma, kar ka biya kuɗin duka sai sun aiko maka samfur ka riƙe a hannu, hoto yana ɓoye abubuwa. Siraran layuka cikewa suke yi da fenti, ƙananan haruffa su dunƙule. Milimita 45 ta ishe ka. Ka zaɓi launin tsohuwar tagulla, mai ƙyalli da wuri yake nuna ƙarzuwa. Lambar bibiya ta fito raɗau, don in sun buga ta a dushe kowa zai yi ta kuskuren karantawa har a gaji a jefar da shi a ƙasan akwati. Kuma ka tura zanen wa kamfanin Geocaching su amince tukuna, da rubutun nan da suke so a sa na cewa ana bibiyarsa a shafinsu, kafin a sassaƙa abin zubin, don in an sassaƙa gyara sabon kuɗi ne. Jon Stanley da ya buga jiyokoyin na farko a 2001 tambarinsa kawai ya sa da ɗan rubutu, ka ga ba sai ka cika shi da kaya ba.

Sannan ina roƙon duk wanda ke cikinmu da yake riƙe da kwabon wani a jaka ko a aljihun mota, ya sake shi a makon nan, ko ya rubuta wa mai shi layi ɗaya. Kai kuma ɗan'uwa, in zanen ya fito ka turo mu gani, kuma ko bayan an buga, duk hoton da za ka sa ka rufe lambar da yatsa.