Me ya haɗa hukumar makarantu da rangwamen harajin sabbin gidaje?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa a garinku da ke jihar Ohio ta Amurka sai an nemi amincewar hukumar makarantu kafin a yi wa masu gina sabuwar unguwa rangwamen haraji. Dalili kuwa, a Amurka kaso mai tsoka na kuɗin makarantun gwamnati daga harajin gidaje da filaye yake fitowa. A tsarin TIF na Ohio (wato tsarin da ake yafe harajin ƙarin darajar da gini ya kawo wa fili, a karkatar da kuɗin zuwa ayyuka irin su tituna), in rangwamen ya haura kashi 75 cikin ɗari ko shekara 10, sai da yardar hukumar.

Ni dai ina goyon bayan ginin, domin haya ta yi wa talaka tsada. Amma sabbin gidaje yara suke kawowa, ajin da ke ɗaukar ashirin ya koma talatin, ga motar ɗauko ɗalibai ta cika maƙil. Ka je zaman hukumar, ka tambaye su nawa za a biya makarantu duk shekara a matsayin diyyar harajin da za su rasa.