Tambayi Kawu: Gasar Hoton Mako Da Masifar Memorin Bogi

Wani matashi daga Garwa ya rubuto: "Kawu, muna da rukuni a WhatsApp, kowace Juma'a a ba da jigo, kowa ya kawo hoto ɗaya. Wayata Tecno ce. In sayar da babur ɗina in sayi kyamarar Canon?"

Babur ɗin da kake cin abinci da shi? Ɗana, kar ka soma. Shiga saitin kyamarar wayarka, kunna layukan nan da ke raba allo gida tara, ka ɗora abin da kake ɗauka kan mahaɗarsu, ba tsakiya ba. Je bakin Binuwai bayan la'asar, lokacin da rana ta yi laushi. Bar jan hoto da yatsu, hatsi-hatsi yake fitowa. Matsa da ƙafarka. Kuma kar ka kuskura ka saita waya kan gada ko shingen sojoji, ba ni zan je belinka ba.

Wani daga Kuseri yana tambayar wace waya ce ke cin gasa. Malam, babu ita. Goge gilashin kyamarar taka da gefen riga tukuna.

Sai wata baiwar Allah daga Marwa: "Kawu, jigonmu inuwa ne. Kwana uku ina bin gindin dalbejiya. Na sayi memori mai 128GB jaka biyu, yanzu hotunan sun ƙi buɗewa, har da na sunan ɗan yayata. Ni na ɓata?"

'Yata, kwantar da hankalinki, ba hannunki ba ne. An cuce ki. Abin da suke yi, su ɗauki ƙaramin kati, misali mai 8GB, su sauya bayanin cikinsa ya riƙa gaya wa waya cewa shi 128 ne, su liƙa masa tambarin kamfanin SanDisk. Farko lafiya lau. Da ainihin cikinsa ya cika, sababbin hotuna ko su hau kan tsofaffi ko su bi iska, sunayensu na nan a jere, ciki fanko.

Abin da ke ƙona mini rai, mutum zai zuba jaka tamanin a waya, ya kuma ɗora mata sabon gida mai ƙyalli, amma wurin da zai ajiye hotunan sunan ɗa da bikin ƙanwa sai ya nemi mafi araha a faranti bakin tasha. Araha ba ta ado! Kun san kuɗin buhun gero har da na dako, amma 128GB a kuɗin kilon nama bai sa ku tambaya ba? Ni ma an taɓa yi mini, hotunan hawan Sallah gaba ɗaya suka tafi, mai shagon kuma ya rantse bai taɓa ganina ba.

Yanzu dai cire katin, kar ki ƙara ɗaukar komai a kansa, kar ki yarda a yi masa fomat. Mai kwamfuta zai iya ceto na farko-farko da manhajar dawo da hotuna ta PhotoRec. Waɗanda aka danne kam sai haƙuri. Duba kuma waɗanda kika tura wa dangi a WhatsApp. In za ki sayi wani, 32GB na gaske ya ishe ki, ki karɓi rasit, a gwada shi a kwamfuta da manhajar gwajin memori ta H2testw, ya cika shi taf ya karanta, kafin ki saka hoto ko ɗaya.