Tambayi Bakanike: Injin da Ya Daɗe a Ajiye

Tambaya: Malam, mahaifina ya bar min Toyota Land Cruiser FJ40 ƙirar 1978, amma injinta ya fashe. Na samu injin 2F, irin wanda motar ke amfani da shi, guda biyu, ɗaya a nan Jidda, ɗaya a Ɗa'ifa, duk sun haura shekara 10 a ajiye. Wanne zan saya? — Mai karatu daga Jidda

Amsa: Allah Ya jiƙan mahaifi, ɗan'uwa. Ni zuciyata ta fi kwanciya da na Ɗa'ifa, don iskar tekun Jidda gishiri ce da laima, tana cin silinda ta ciki alhali waje fes. Amma kada ka biya sai ka je da sifana. Kwance fulogi shida ɗin, ka haska tocila cikin ramukan ka duba tsatsa, sannan ka juya fulin gaba da hannu. Ka zaro sandar awon mai. In ka ga baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga, ka bar musu kayansu.

In injin ya cije, wato fulin ya ƙi juyawa, don Allah kada ka sa masa batir. Na taɓa ganin yaro ya yi haka a garejinmu, ringin fistin ya karye, har yau abin yana min ciwo. Ɗiga baƙin mai kaɗan a kowace silinda, ka ba shi mako guda, kullum kana ɗan motsa shi. Inji ne mai lita 4.2, ƙarfe zalla, yana da haƙuri.

Ya juya? To canza baƙin mai da filta, wanke kafireto, sauya tiyoyin lagireto. Tsohon fetur kuwa kada ya kusance shi, ka tayar da shi da sabo daga galan.