Tambaya da Amsa: Tom Brady ba shi da gudu, to ta yaya ya zama gwarzon ƙwallon Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai bin ƙwallon Ingila ne, kuma na fara jin sunan Tom Brady lokacin da ya sayi hannun jari a Birmingham City a 2023. Ana cewa babu kamarsa a tarihin ƙwallon Amurka, amma wai a zaɓen sababbin 'yan wasa sai da aka ɗauki mutum 198 kafin a zo kansa, kuma ba shi da gudu. To me yake yi a fili? Sa'a ce ko gwaninta? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ka ji gaskiya ne. Sai dai ba za a gane lamarin Brady ba sai an san aikin gurbin da ya riƙe, wato kwatabak.

A wannan wasa kowane ɓangare mutum 11 ne. Masu hari suna da dama huɗu su ci yadi 10; in sun ci a ba su wasu huɗun, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Bayan kowane yunƙuri wasa yana tsayawa a sake jeruwa, kuma kusan kowane yunƙuri daga hannun kwatabak yake farawa. Koci yana faɗa masa dabarar da za a yi ta rediyon da ke cikin hular kwanonsa, amma da zarar daƙiƙa 15 suka rage a agogon daƙiƙa 40 sai a katse rediyon. Daga nan shi kaɗai ne. Zai dubi yadda masu tsaron baya suka tsaya, ya hasaso wanda zai afko masa, ya nuna wa masu kare shi wanda kowa zai tare, in ya ga dabarar koci ba za ta yi ba ya sauya ta da kalmomin sirri. Da ƙwallo ta shigo hannunsa yana da kamar daƙiƙa uku ya zaɓi mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar ya jefa masa, alhali ƙarti masu fiye da kilo 120 suna ta kokawar iso shi. Tunda kana kallon tamaula, tuno Andrea Pirlo: ba ya tsere da kowa, amma kafin ƙwallo ta zo ƙafarsa ya riga ya san inda za ta.

To wannan abin ne awo ba ya kamawa. Kowace shekara hukumar NFL, mai shirya babbar gasar ƙwallon Amurka, tana tara matasan jami'o'i a birnin Indiyanafolis a gwada gudunsu da tsallensu da ƙarfinsu. A 2000 Brady ya yi gudun yadi 40 cikin daƙiƙa 5.28, wanda rashin sauri ne ƙwarai ko ga ɗan wasan gurbinsa. A Jami'ar Mishigan ma bai samu yadda yake so ba, don a shekarunsa biyu na ƙarshe sai da aka riƙa haɗa shi da Drew Henson. Shi ya sa a zaɓen sababbin 'yan wasa, wanda ake yi bi da bi zagaye-zagaye, ƙungiyoyi suka ɗauki kwatabak shida kafin shi, New England Patriots ta ɗauke shi a zagaye na shida, lamba ta 199. A kakarsa ta farko sau uku kacal ya jefa ƙwallo, ɗaya aka cafe.

Nan ne sa'ar da ka tambaya ta shigo. Mai gurbin, Drew Bledsoe, ya sa hannu a kwantiragin shekara 10 na dala miliyan 103 a watan Maris na 2001. Ranar 23 ga Satumba na wannan shekarar, Mo Lewis na New York Jets ya bangaje shi har jini ya ɓalle masa a ƙirji, aka tura Brady. Da ba haka ba, wataƙila da ya ƙare a benci babu wanda ya san shi. Amma lura da abin da ya biyo baya: Bledsoe ya warke, koci Bill Belichick ya ƙi mayar masa da gurbinsa. Koci ba ya ajiye mai dala miliyan 103 saboda tausayin wani yaro.

A kofin Super Bowl (wasan ƙarshe na gasar NFL) na farko da ya ɗauka, a Fabrairun 2002, da ci 20 da 17 a kan St. Louis Rams, bai kamata a zuzuta rawarsa ba. Yadi 145 kawai ya jefa. Masu tsaron baya ne suka riƙe wasan, Adam Vinatieri kuma ya buga ƙwallon nasara. Abin da Brady ya yi shi ne, da ƙasa da minti ɗaya da rabi, ana kunnen doki, ya kai ƙungiyar inda za a iya bugun ba tare da kuskure ba. Ya ƙara ɗaukar kofi a kakar 2003 da ta 2004. A 2007 suka ci duk wasanninsu 16 na kafin zagayen fitar da gwani, ya jefa ƙwallon cin maki sau 50, sannan New York Giants ta doke su a wasan ƙarshe.

Masu cewa tsarin Belichick ne ya yi shi suna da hujja. A wasan farko na 2008 jijiyar gwiwarsa ta tsinke, Matt Cassel ya maye gurbinsa, kuma ƙungiyar ta ci wasa 11. An daɗe ana wannan muhawara, har zuwa 2020 da ya koma Tampa Bay Buccaneers, ƙungiyar da rabonta da zagayen fitar da gwani tun kakar 2007. A shekararsa ta farko, yana ɗan shekara 43, ya ɗauki kofi da ci 31 da 9 a kan Kansas City Chiefs. Patriots kuwa a wannan kakar wasa 7 ta ci, ta sha kashi a 9. A ganina daga nan gardamar ta mutu.

Wasan da zan so ka nema ka kalla shi ne na Fabrairun 2017 da Atlanta Falcons. An kai ana cin su 28 da 3, suka farke, suka yi nasara 34 da 28 a ƙarin lokaci. Ka zuba ido a kan abin da yake yi kafin a miƙo masa ƙwallo, yadda yake nuna mutane da yatsa yana sauya tsari. Yawancin jifan gajeru ne, babu wani abin burgewa a ido, amma kowanne yana zuwa a kan kari. Kakar kuwa ya fara ta ne da dakatarwar wasa huɗu, bisa zargin an rage iskar ƙwallayen da ya yi amfani da su. Ya musanta, amma hukuncin ya tabbata, kuma yana cikin tarihinsa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne daɗewarsa. Kaka 23, har ya kai shekara 45, a wasan da akasarin 'yan wasa ba sa wuce 'yan shekaru. Andrew Luck, wanda aka ɗauka na ɗaya a 2012, ya ajiye wasa a 2019 yana da shekara 29 saboda raunuka. JaMarcus Russell, na ɗaya a 2007, mai ƙarfin jifa kamar me, kaka uku ya yi. Brady ya tsira ne domin yana rabuwa da ƙwallo da wuri, ba ya jiran a take shi. Dokoki ma sun taimaka, don bayan rauninsa an tsananta hana kai wa kwatabak hari a gwiwa. Sannan NFL tana ƙayyade jimillar albashin da kowace ƙungiya za ta biya, shi kuma ya sha karɓar ƙasa da abin da zai iya samu, abin da ya bar wa Patriots kuɗin riƙe wasu 'yan wasa.

Ya yi ritaya ranar 1 ga Fabrairun 2023 da kofi 7 cikin wasan ƙarshe 10, fiye da abin da kowace ƙungiya ta taɓa ɗauka, da jifan yadi 89,214 da ƙwallon cin maki 649. Wanda ake ganin zai iya kamo shi shi ne Patrick Mahomes na Chiefs, wanda ya ɗauki kofi 3 zuwa 2024, kuma shi yana da gudun da Brady ya rasa. Sau biyu suka haɗu a zagayen fitar da gwani, a Janairun 2019 da Fabrairun 2021, duka Brady ne ya yi nasara.